Daga Huhun Goro Zuwa Buhu Mai Magana: Inda Ilmin Ƙunsa Kaya Ya Dosa, da Irin Kwamfutar da Yake Bukata

Tun kafin ɗan Adam ya ɗinka buhu na farko, halittu sun riga sun zo a ƙunshe. Ɗauki ƙwan kaza ka duba. Ɓawonsa yana da ƙarfin da zai kare ɗan tsako, amma a jikinsa akwai dubban ƙofofi ƙanana waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar numfashi ke shiga, tururi kuma ya fita. Haka kwanson gyaɗa yake, haka fatar jikinmu, haka kuma tantanin da ya kewaye kowace ƙwayar halitta, wanda ɗaliban sakandare suka sha zanawa a littafinsu. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake katanga ce toshe. Kowannensu mai gadin ƙofa ne, yana barin wani abu ya wuce, yana hana wani.

Wannan shi ne tushen ilmin ƙunsa kaya gaba ɗayansa. Mai son adana abinci sai ya tambayi kansa: me zan bari ya shiga, me zan hana? Abubuwan da ke ɓata abinci sanannu ne, watau danshi, da iskar oksijin, da zafi, da kuma masu rai, daga ɓera har zuwa bakteriya. Sai dai abin da yake guba ga wannan kaya, shi ne rayuwar wancan.

Abin da magabata suka gane

Fataken da suka riƙa ɗauko goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa, tafiyar watanni a ƙasa, ba su karanta ilmin halittu ba, amma huhun da suka ƙirƙira ya dace da shi sarai. Goro abu ne mai rai, yana numfashi. In ya bushe ya mutu, in an toshe shi ya ruɓe. Don haka suka shimfiɗa masa ganyen fita, suka riƙa kwance huhu a hanya suna yayyafa ruwa, suna tsince wanda ya fara lalacewa. Wake kuwa akasin haka yake so, shi ya sa tsofaffi ke cuɗa irin shuka da toka ko rairayi su zuba a tulu su liƙe bakin da laka. Toka tana cike sararin da ke tsakanin ƙwayoyi, tana kuma karce kakin da ke jikin ƙwaro har ya bushe. Mai ya samu tandu, ruwa ya samu salka, hatsi ya samu taiki a bayan jaki.

Da layin dogo ya iso Ƙauran Namoda daga Zariya ta Gusau a 1929, sai sha'anin ya canja. Garin ya zama ƙarshen layi, kuma matattarar gyaɗa da auduga daga Zurmi da Shinkafi da sauran yankin Badarawa. Taiki ba zai yi wa tarago ba, domin kowane taiki da girmansa. Kamfani yana son mazubi iri ɗaya, nauyi ɗaya, wanda za a jera a lissafa. Ta haka buhun algarara ya samu gindin zama, kuma da shi aka gina dalar gyaɗar da ake ba ku labari. Algarara yana barin iska ta ratsa, wanda alheri ne da rani, amma yana barin danshi ma ya ratsa.

A 1960 talotalo sama da 100,000 suka mutu a Ingila ba a san dalili ba. Da aka bi diddigi sai aka tarar da guba a cikin tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Barazil. Wata fumfuna ce mai suna Aspergillus flavus ke yin gubar, shi ya sa aka raɗa mata suna afulatoksin. Fumfunar tana zaune a cikin ƙasar gona, tana kama gyaɗa da masara, musamman in fari ya wahalar da shuka, ko an tara amfanin bai gama bushewa ba. Gubar ba ta da wari, suya da dafuwa ba sa kawar da ita, tana kuma taruwa ta haddasa sankarar hanta. A Kenya a 2004 mutum 125 suka rasu saboda cin masarar da ta kamu. Tarayyar Turai ba ta karɓar gyaɗar ci in gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan. Ka ga ke nan ƙuli-ƙulin da muke ci ma yana da alaƙa da irin buhun da aka zuba gyaɗar, da kuma ranar da aka zuba ta.

Buhun da ke kashe ƙwaro ba da magani ba

Bari mu tsaya a kan wake, domin a nan ne manomin Badarawa ya fi jin jiki. Ƙwaron wake, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, tun daga gona yake biyo amfani. Macen tana manna ƙwai a jikin ƙwayar wake, tana iya yin ƙwai 60 ko fiye. Tsutsa ta ƙyanƙyashe ta huda ciki, ta ci, ta girma, a cikin mako uku zuwa huɗu ta fito a matsayin ƙwaro ta bar rami. A ƙaddara kowace mace ta bar 'ya'ya mata 20 kawai. Ɗaya za ta zama 20 a wata na farko, 400 a na biyu, 8,000 a na uku. Wannan lissafi shi ya sa manomi ke kai wakensa kasuwar Shinkafi ranar Alhamis tun da kaka, lokacin da tiya ba ta da daraja, sa'an nan ya dawo da bazara ya sayi irin shuka da tsada.

Wanda ya ƙi sayarwa yakan koma ga magani. Wasu na zuba fiya-fiya kai tsaye a cikin buhu, alhali sinadarin da ke cikinsa, daikulobos, ba a yi shi don a ci ba. A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya, saboda an riƙa samun wannan sinadari a cikinsa ya ninka iyakar da doka ta yarda sau da yawa. Iyakar ita ce miligiram 0.01 a kowane kilo. Abin da ya kamata ya dame mu ba kasuwar Turai ba ce kaɗai. Waken da aka dawo da shi daga tashar jirgin ruwa ɗan kaɗan ne in aka gwada da wanda ya shiga tukwanen ƙosai da alala a gida, inda babu mai aunawa.

Mafitar da aka samu ta fito ne daga darasin numfashi na aji huɗu. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, ƙarƙashin Farfesa Larry Murdock, tare da takwarorinsu na arewacin Kamaru, sun fara gwada adana wake a cikin leda rufi uku tun ƙarshen shekarun 1980. A 2007 aka fara yaɗa buhun da sunan PICS a Afirka ta Yamma, aka yi gwaje-gwaje masu yawa a Maraɗi, aka kuma soma ƙera shi a Kano. Tsarinsa bai da wuyar fahimta: leda biyu masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, kowace kaurinta maikuron 80, watau kashi 8 cikin 100 na milimita, sai buhun saƙa na roba a waje don ya ɗauki wahalar ɗauka da saukewa. Kowane rufi ana matse iskarsa a murɗe bakinsa a ɗaure shi daban.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 oksijin ce. In an ɗaure buhu, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye wannan oksijin da numfashinsu, suna fitar da kabon dayoksaid. Cikin 'yan kwanaki oksijin ta yi ƙasa ƙwarai, tsutsa ta daina ci, ƙwai ya daina ƙyanƙyashewa. Amma ga wani abin ban sha'awa da binciken ya gano: ba shaƙewa ce kaɗai ke kashe su ba, ƙishirwa ce. Ku tuna lissafin numfashi. Sukari da oksijin suna ba da ƙarfi, da kabon dayoksaid, da ruwa. Tsutsar da ke zaune cikin busasshen wake ba ta da rijiya, ruwan da take rayuwa da shi mafi yawansa wanda numfashinta ya samar ne. In an yanke mata oksijin an yanke mata ruwa ke nan, sai ta bushe. Yawan ƙwarin ma shi ke gaggauta ajalinsu.

Akwai sharaɗi biyu da bai kamata malami ya tsallake ba in yana koyar da wannan. Na farko, buhun ba ya busar da kaya, ba ya kuma cire gubar da ta riga ta samu. In ka rufe ɗanyen hatsi a ciki, za ka buɗe ka tarar ya yi tsami. Masara sai danshinta ya sauka zuwa kashi 13 cikin 100, gyaɗar da aka ɓare kuwa kashi 7 zuwa 8. Na biyu, huji ɗaya ya isa ya ɓata aikin, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ku riƙe wannan sharaɗi na biyu, zai kai mu ga kwamfuta nan gaba kaɗan.

Ƙunshi mai ba da labari

Aikin mazubi a da shi ne ya riƙe ya kuma kare. Yanzu an ɗora masa aiki na uku, watau ya faɗi abin da ya sani. Misali mafi kusa yana hannun ma'aikatan rigakafi da ke zagaya unguwanninmu. A jikin kwalbar maganin shan inna akwai da'ira, a tsakiyarta akwai ɗan murabba'i mai haske. An fara manna wannan alama a 1996. Murabba'in yana ɗauke da wani sinadari da ke ƙara duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha tun daga masana'anta, kuma in ya yi duhu ba ya komawa. Ranar da launinsa ya yi daidai da na da'irar ko ya fi shi, an yar da kwalbar, ko da kwanan watan da aka rubuta bai cika ba. Ba batir, ba waya, amma kwalba ta ba da tarihin tafiyarta. Irin wannan alama tana shiga harkar nama da madara da kifi a wasu ƙasashe.

Sai zanen layuka baƙi da fari da ke bayan kwalin sabulu ko gwangwanin madara. An fara karanta shi da na'ura a wani kanti a garin Troy na jihar Ohayo, ranar 26 ga Yuni, 1974, a jikin fakitin cingam. Lambobi 13 ne a ƙarƙashin mafi yawansu. In ukun farko 615 ne, to kamfanin a Nijeriya ya yi rajistar lambar. Zanen layuka yana faɗin irin kayan ne kawai. Shi kuwa zanen nan mai kusurwa huɗu da ake kira QR, wanda kamfanin Denso na Japan ya ƙirƙira a 1994, yana iya ɗaukar lambobi sama da 7,000, don haka yana da wurin rubuta ranar da aka ƙunsa, da rukunin da kayan ya fito, da ranar lalacewarsa. Ƙungiyar GS1 da ke kula da waɗannan lambobi a duniya ta sa 2027 a matsayin shekarar da take son kantuna su iya karanta irin wannan zane. A nan gida, hukumar NAFDAC ta fara tsarin kankare lamba a kwalin magani a 2010, mai saye ya aika lambar ta saƙon waya a gaya masa ko na gaske ne.

Me ya haɗa manomin Zurmi da wannan? Da a ce kowane buhun waken da aka kama da guba yana ɗauke da lambar da ke nuna sito da dillalin da ya fito, da mai laifi kaɗai za a hukunta. Da yake babu, sai aka yi wa ƙasa gaba ɗaya kuɗin goro. Kasuwar gobe za ta fi biyan buhun da ya san asalinsa.

Ledar da ta ƙi ruɓewa

A 1933 aka gano ledar foliyetilin a Ingila, ga shi yau ta rataye a kowace ƙaya a bakin gari. Wani lissafi da aka buga a 2017 ya nuna cewa daga duk sharar robar da duniya ta yi zuwa 2015, kashi 9 cikin 100 ne kawai aka sake sarrafawa. Mahauta sun san sauran labarin, domin su ke farka tumbin akuya su ciro dunƙulen leda. Ruwanda ta hana ledar cefane a 2008, Kenya a 2017, jihar Legas ta hana kwanon kumfa na abinci a farkon 2024. Tarayyar Turai kuma ta kafa doka cewa daga 2030 duk mazubin da za a sayar a can sai wanda za a iya sake sarrafawa.

Ana yawan yabon ledar da ake yi da sitacin masara ko rogo, wai tana ruɓewa. A ganina a yi hattara da wannan yabo. Wadda ta fi yawa a cikinsu ba ta ruɓewa sai a tulin taki na masana'anta mai danshi da zafin da ya kai digiri 58, in aka yar da ita a busasshen juji za ta daɗe kamar 'yar'uwarta. Haka nan bakteriyar nan Ideonella sakaiensis da aka ba da rahotonta a Japan a 2016, mai cin robar kwalba, abin sha'awa ce ga mai nazarin halittu, amma cinta a hankali ne ƙwarai. Hanyar da ta fi kusa ita ce a rage kaurin leda, a yi ta da roba iri ɗaya maimakon a manne iri uku da ba sa rabuwa, a kuma yi mazubin da za a sake amfani da shi.

Inda kwamfuta ta shigo

Duk hanyoyin nan uku, toshe iska da ɗaukar bayani da rage kauri, abu guda suke bukata: awo daidai, sau dubu, ba kuskure. Hannun mutum ba zai iya ba. Ledar PICS ana yin ta ne ta hanyar narkar da roba a hura ta kamar balam-balam mai tsawo. In iska ta yi yawa ta yi sirara, in injin ja ya yi sauri ta yi sirara, kuma wuri ɗaya mai rauni ya isa. Dole wani abu ya riƙa auna kaurin yana gyara injin a kowane lokaci.

Ɗauki misalin da kowa ya sani, injin fiya wata. Yana naɗe leda, ya liƙe gefe, ya zuba rabin lita, ya liƙe baki, ya yanke, kimanin sau 2,000 a awa. Liƙin nan ƙarfe mai zafi ke yinsa. Irin wannan leda tana narkewa a wajen digiri 110. In zafin bai kai ba leda ta yi yoyo, bakteriya ta samu ƙofa, in ya wuce ta ƙone. A jikin ƙarfen akwai ɗan ma'aunin zafi da ke aika saƙo ga wata ƙaramar na'ura, ita kuma ta kunna wuta ko ta kashe. Ɗalibin ilmin halittu ya san wannan tsari tun tuni. Haka jikinmu ke riƙe zafinsa a digiri 37: jijiyoyi su ji, ƙwaƙwalwa ta gwada da abin da ya kamata, ta ba da umurnin gumi ko karkarwa, sa'an nan ta sake ji. Masana'anta ta zamani jiki ce irin wannan. Ma'aunai su ne gaɓoɓin ji, wayoyi su ne jijiyoyi, injuna su ne tsoka.

Ƙwaƙwalwar kuwa ba irin kwamfutar ofis ba ce. Akwati ne ƙarami, sau da yawa ba allo ba madannai, injiniyoyi na kiransa PLC. Kamfanin motoci na General Motors ne ya nemi a ƙera shi a 1968, na farko mai suna Modicon 084 ya fito a 1969. Aikinsa ɗaya ne: ya karanta ma'aunai, ya yanke hukunci, ya ba da umurni, ya sake komawa farko, cikin 'yan kashi kaɗan daga dubu na daƙiƙa, shekara da shekaru.

Abin da ake nema gare shi ba yawan wayo ba ne, cika alkawarin lokaci ne. Kwamfutar ofis in ta tsaya rabin daƙiƙa tana tunani, ba wanda ya yi asara. Amma in bel yana gudun mita 2 a daƙiƙa, rabin daƙiƙa mita guda ce ta kaya da suka wuce ba a duba ba. Duba gefen ledar biskit ko ta omo, za ka ga wani ɗan baƙin tabo mai kusurwa huɗu. Ba ado ba ne. Idon lantarki ne ke jiransa, da ya gan shi sai wuƙa ta sauka, shi ya sa ba a yanke sunan kaya a tsakiya. Akwai kuma injin tsince gyaɗa da riɗi, inda ƙwayoyi ke zubowa kamar ruwa a gaban kyamara, kwamfuta ta gane mai baƙi ko mai fumfuna, ta harba mata iska ta fitar da ita daga layi tana cikin faɗowa. Da yake gubar afulatoksin takan taru ne a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan da suka lalace, wannan tsincewa tana rage ta sosai. Aikin da mata ke yi a faifai ne, sai dai da saurin da ido ba ya bi.

Ƙura, zafi, wuta da layin waya

Yanzu a ce an kafa masana'antar ƙunsa wake da gyaɗa a Ƙauran Namoda. Me kwamfutarta za ta fuskanta?

Ƙura ce ta farko. Hunturu na kwaso mana ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ga kuma ƙaiƙayi da garin hatsi na cikin masana'antar kanta. Kwamfutar ofis da fanka take shan iska, watau da kanta take zuƙo ƙura ta shimfiɗa wa kayan cikinta bargo. In damina ta zo ƙurar ta sha danshi, sai ta zama hanyar wuta inda bai kamata ba. Don haka kwamfutar masana'anta ba ta da fanka. A rufe take ruf, jikinta na alminiyam ne mai tsage-tsage, zafi na fita ta fata, kamar yadda manyan kunnuwan giwa ke sanyaya ta. In ka ga an rubuta IP65 a jikin akwati, lamba 6 na nufin ƙura ba ta shiga ko kaɗan, lamba 5 kuma na nufin ko an fesa masa ruwa da tiyo ba abin da zai same shi. Bushewar hunturu na da wata illar. Tartsatsin nan da kake ji in ka tuɓe riga da dare ya isa ya kashe guntun kwamfuta, leda mai gudu a kan ƙarfe kuwa tana tara irinsa da yawa, sai an haɗa injin da ƙasa ta waya.

Zafi kuma, a watan Afrilu inuwa kanta tana wuce digiri 40, balle ƙarƙashin rufin kwano kusa da injin narkar da roba. Yawancin kwamfutocin ofis an ƙera su ne don kada su wuce digiri 35, na masana'anta kuwa akwai masu jure 60 ko 70. A ilmin halittu muna koyar da cewa ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin aikin sinadarai sau biyu. Dokar da ke sa nama saurin ruɓewa da bazara ita ce ke tsofar da wasu kayan lantarki: ƙarin digiri 10 na raba kwanansu biyu.

Maganar wutar lantarki ba sai an tsawaita ba, kowa ya san halinta. Abin lura shi ne ɗaukewar wuta ba ta kai dawowarta da ƙarfi haɗari ba, kuma na'urar kirki dole ta tuna inda ta tsaya. In ta manta, buhu 300 za su fita da lamba ɗaya, tsarin bin diddigi ya rushe.

Na ƙarshen darasi ne da wannan jiha ta koya a aikace. Kamfanoni da yawa na tallar tsarin da ke aika duk bayanan inji ta intanet zuwa manyan kwamfutoci a wata ƙasa, can a yi lissafi a dawo da amsa. A farkon Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma dakatar da kasuwannin mako, aka ɗauki makonni a haka. Duk injin da sai ya tambayi intanet kafin ya liƙe leda, da ya tsaya cik. Mai kankare lambar magani ma bai da inda zai aika saƙonsa. Tsarin da ya dace da mu shi ne wanda ke yanke hukunci a wurin, ya ajiye bayani, in layi ya dawo ya aika. Jiki ma haka yake yi. In ka taka ƙaya, laka ce ke janye ƙafar tun kafin labari ya kai ƙwaƙwalwa.

Sauran abu ɗaya, wanda kuɗi ba sa sayowa daga waje, shi ne mai gyara. Inji mai tsada yakan kwanta wata da watanni saboda ma'auni ɗaya ya mutu, ana jiran wani ya zo daga Legas. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana Ƙauran Namoda tun 1983, Jami'ar Tarayya tana Gusau tun 2013. Ɗalibin da ya haɗa ilmin halittu da lissafi da lantarki, wanda ya san dalilin da ya sa ake son danshin gyaɗa a kashi 7, ya kuma iya karanta ma'aunin da ke faɗin hakan, irinsa masana'antar abinci ke nema ba ta samu.

Gwaji don aji

A samo waken da ya fara huji, da robar lemo guda uku busassu masu girma ɗaya. A ɗebi ƙwaya 100 a ƙirga masu rami, a rubuta. A cika roba ta farko har wuya, a murɗe murfin sosai a naɗe shi da salatif. Ta biyu a rufe bakinta da ƙyalle a ɗaure da zare. Ta uku a cuɗa waken da tankaɗaɗɗiyar toka, awo ɗaya na wake awo ɗaya na toka, ita ma a rufe da ƙyalle. A ajiye su a inuwa wuri ɗaya har mako takwas, sa'an nan a sake ƙirga ƙwaya 100 daga kowace. Kada a buɗe ta farko kafin lokaci, ko sau ɗaya. Malam ya bar ɗalibai su faɗi dalili da kansu. Ajin da ke da roba ta huɗu ya yi mata kamar ta farko, amma ya huda ta da allura sau ɗaya.

Kafin a rufe, a gwada bushewar waken. A gasa gishiri a bar shi ya huce, a zuba cokali biyu a busasshiyar kwalba mai haske, a ƙara wake zuwa sulusinta, a rufe a girgiza minti ɗaya, a ajiye kwata awa a sake girgizawa. In gishiri ya manne a jikin kwalba, waken bai bushe ba, a mayar da shi rana kwana biyu a sake gwadawa.

Makarantar da ke da ma'aunin zafi ta rataya shi a inuwar bishiya da ƙarfe biyu na rana, ta kuma kai shi cikin ɗaki mai rufin kwano ba silin, kusa da rufin, kullum har mako biyu. A zana sakamakon a takardar giraf, a ja layi a kan digiri 35, a ƙirga kwana nawa kowane wuri ya haura layin.